Kwana A Gadon Lilo A Kogin Amazon: Daga Ƙasa Sanyin Ke Zuwa

A wannan watan za mu leƙa arewacin ƙasar Barazil ne, inda kogin Amazon ya ratsa dajin da ya fi kowane daji mai yawan ruwan sama girma a duniya. In tafiya ta taɓa kai ki can, ke da maigida da yara, akwai wata shawara da za ki yanke tun kina haɗa kaya: ƙasa ce mai zafi, to shin ana bukatar bargo kuwa? Kada ki yi saurin cewa a'a, bari ki ji yadda ake kwana a wurin tukuna.

A wannan yanki kogi shi ne titi. Har yau babu gadar da ta tsallaka ainihin kogin Amazon, kuma garuruwa da dama da ke gaɓarsa ba a isa gare su sai ta ruwa ko ta sama. Daga birnin Belem da ke kusa da Tekun Atlantika zuwa Manaus da ke tsakiyar daji, tafiya ce ta kimanin kilomita 1,600. Jirgin ruwa yakan yi kwana biyar zuwa shida in yana haurawa, in kuwa yana gangarowa ne kwana huɗu kan isa. Akan yada zango a garuruwa irin su Santarem da Obidos da Parintins, a sauke kaya a ɗauki wasu.

Mafi yawan fasinjoji ba su da ɗaki a cikin jirgin. Kowa yakan zo da nasa gadon lilo, wato wani faffaɗan ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaure bakinsa biyu da igiya a jikin ƙugiya ko ƙarfen rufi, mutum ya kwanta a ciki yana reto kamar ƙwarya a ragaya. Mutanen Barazil na kiransa rede, ma'ana raga. Za ki ga an jera su ɗaruruwa, ja da kore da ɗorawa, kafaɗa na gogar kafaɗa, kayan kowa na ajiye a ƙarƙashinsa. Ba miƙewa ake yi ɗoɗar a tsakiyarsa ba, a karkace ake kwanciya, kai a wannan gefe ƙafa a wancan, ta haka ne baya ke miƙewa ba ya lanƙwashewa.

Da rana babu abin da ya kai shi daɗi. Zafi a Manaus yakan kai digiri 32 ko fiye, ga gumi kamar an watsa wa mutum ruwa, amma da yake iska na ratsa ƙyallen ta ƙasa, sai ki ji bayanki a bushe. To abin da ya sa ya yi daɗi da rana, shi ne kuma ke hana barci da dare. Can wajen ƙarfe uku zuwa huɗu na dare, lokacin da zafi ya sauka zuwa digiri 23 ko 24, jirgi na tafe iskar kogi na kaɗawa, sai mutum ya farka ya ji bayansa da ƙugunsa sun yi sanyi ƙalau, alhali ƙirjinsa da ya lulluɓe yana da ɗumi.

Dalilin ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Fatar ɗan Adam na da ɗumin kusan digiri 33, don haka iska mai digiri 23 ta fi ta sanyi da digiri goma cur. A kan katifa, katifar ce ke riƙe ɗumin bayanki. A gadon lilo kuwa ƙyalle ɗaya tal ne tsakaninki da iska, duk ɗumin da jiki ya fitar sai iskar ta kwashe ta tafi da shi, wata sabuwa ta zo. In kin ce bari ki shimfiɗa lallausan bargo mai kumburi a ciki ki kwanta a kai, nauyinki zai danne shi ya lafe. Ɗumin bargo kuwa yana cikin iskar da ya ɓoye a cikin kumburinsa ne, da zarar ya lafe amfaninsa ya ragu ƙwarai.

Mutanen asalin ƙasar sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1500, lokacin da jiragen Turawan Fotugal suka fara isa gaɓar Barazil, magatakardansu Pero Vaz de Caminha ya rubuta wa sarkinsu wasiƙa, inda ya bayyana cewa mutanen da suka tarar suna kwana ne a raga da aka ɗaure tsakanin ginshiƙai, suna kuma hura wuta a ƙarƙashi don jin ɗumi. Ki lura da wurin da suka sa wutar: a ƙasa, domin ta nan ne sanyin ke shigowa.

Maganin da masu yawon kwana a daji na zamani suka samo, musamman a Amurka, shi ne bargon ƙasa. Bargo ne mai igiyar roba a bakinsa, ana rataya shi daga waje a ƙarƙashin gadon lilo, ya manne da bayan mai kwanciya ba tare da an danne shi ba. Ƙa'idar da suka saba bi ita ce, in zafin dare zai sauka ƙasa da digiri 21, yawancin mutane na bukatar wani abu a ƙarƙashinsu. Daren Amazon kuwa yana dab da wannan iyaka ne, shi ya sa shawarar ke da ɗan wuya. Ga abubuwan da za ki duba.

Na farko, irin gadon. Na auduga mai kauri da ake saƙawa a arewa maso gabashin Barazil, kamar na garin Sao Bento a jihar Paraiba, yana tare iska daidai gwargwado. Na nailan mai shara-shara da matafiya ke so saboda rashin nauyi kuwa, kusan ba ya tare komai, har sauro na iya cizo ta cikinsa.

Na biyu, inda za ki kwana. In a cikin jirgi ne kaɗai, ba sai kin kashe kuɗi a kan bargon ƙasa ba, don cunkoson ma ba zai bari ki rataya shi yadda ya kamata ba. Bargo mara kumburi mai ƙaƙƙarfar saƙa, wanda dannewa ba ta rage shi sosai, ki naɗe jiki da shi ta sama da ta ƙasa, ki haɗa da riga mai dogon hannu da safa, ya wadatar. Ki zo da wuri ki zaɓi wuri a tsakiya, nesa da gefen da iska ke bugowa, nesa kuma da inji da banɗaki. Wasu jiragen na da ɓangare mai na'urar sanyaya ɗaki, can sanyin ya fi tsanani. Akwai kuma 'yan ƙananan ɗakuna masu ƙofa ga wadda ke son sirri, sai dai sun fi tsada.

Na uku, lokacin tafiya. Tsakanin watan Mayu da Agusta wata iska mai sanyi daga kudancin nahiyar kan kutso cikin daji na 'yan kwanaki, suna kiranta friagem. A jihohin Acre da Rondonia takan saukar da zafi ƙasa da digiri 15. In za a kwana a daji ko bakin ruwa a waɗannan watanni, to bargon ƙasa ya zama dole.

Na huɗu, waɗanda ke tare da ke. Yara da tsofaffi da marasa jiki sun fi saurin jin sanyi, in bargon ɗaya ne to su za a ba.

In kin yanke shawarar saye, ki nemi mara nauyi, gajere, wanda ke rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ba ya kai kilo guda. Ki guji wanda aka cusa wa gashin agwagwa, domin danshin daji na lafar da shi kuma ba ya bushewa da wuri, mai zaren roba ya fi dacewa. Kada kuma tsoron zufa ya hana ki ɗauka. Da farkon dare ki sassauta igiyarsa ko ki ture shi gefe iska ta shiga, in sanyi ya sauko ki miƙa hannu ki jawo shi, ba sai kin tashi ba. Wanda kika zo da shi kina iya ture shi, wanda kika bari a gida kuwa ba ya jawuwa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Duk wannan shiri don ki sami barci ne, ki tashi da ido biyu ki sha kallo. Dab da isa Manaus akwai wurin da baƙin ruwan kogin Negro ke haɗuwa da ruwan Solimoes mai launin laka, su yi tafiyar kusan kilomita shida kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, saboda sun bambanta a ɗumi da gudu da nauyi. A cikin birnin, wanda ke da mutane fiye da miliyan biyu, akwai katafaren gidan wasan Teatro Amazonas da aka buɗe a 1896 da arzikin ƙaron roba. Wadda ta kwana biyar tana makyarkyata, gyangyaɗi za ta yi ta wuce duk waɗannan.

Don haka kafin a rufe jaka, ki duba hasashen zafin dare ba na rana ba, ki tambaya ko akwai iska, sannan ki shafa ƙyallen gadon ki ji kaurinsa. Allah ya kai lafiya, ya dawo da ku lafiya.