Orimedu Ko Epe: Ina Baƙo Zai Ajiye Kayansa?

Duk wanda ya bar tsakiyar birnin Ikko ya nufi gabas a kan hanyar Lekki, bayan doguwar tafiya zai iso wata mararraba da ake kira Eleko. A nan hanya ta rabu biyu. In ya karkata dama, sai ya gangara bakin teku, ya ratsa ƙauyukan masunta irin su Magbon-Alade da Orimedu da Akodo, har ya kai matatar man Ɗangote. In kuwa ya miƙe, sai ya haye gada a kan tafki ya shiga garin Epe. Ma'aikata da yawa, har da 'yan Arewa, direbobi da masu walda da masu gadi da 'yan tireda, sun sha tsayawa a wannan mararraba suna shawara da zuciyarsu: shin a ƙauyen bakin teku za su kama ɗaki, ko kuwa a babban gari?

Abin da ya kawo wannan tambaya ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2022 aka buɗe masana'antar takin zamani a wannan yanki na Ibeju-Lekki. A watan Janairu na 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, sa'an nan a watan Mayu na shekarar aka ƙaddamar da matatar, wadda aka gina don tace ganga 650,000 ta ɗanyen mai a kowace rana. Inda aiki ya sauka, nan mutane ke sauka, kuma kowane ma'aikaci yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa.

Orimedu ƙauye ne da ke shimfiɗe a kan farin rairayi, teku a kudunsa, itatuwan kwakwa kuma sun yi masa rumfa. Tun da duhun asuba masunta, Yarbawa da kuma waɗansu mutanen Ghana da suka daɗe da zama a nan, sukan tura manyan kwale-kwalensu cikin raƙuman ruwa. In sun dawo, mata kan tarye su da kwanduna, abin da ba a sayar ɗanye ba a yi bandarsa a bayan gida. Da magariba ta yi, in an nisanci titi, ba abin da kunne zai ji sai rurin teku. Iska mai sanyi ba ta yankewa, kifi yana da araha, wurin aiki kuma ga shi kusa. Mutumin da ya taɓa kwana a cunkoson Agege ko Idi-Araba, in ya wayi gari a nan sai ya ga kamar an sauke masa wani nauyi daga ka.

Amma gani daga nesa dabam, zama dabam. Iskar nan mai daɗi gishiri take ɗauke da shi, watau kwanon rufi da babur da injin bayar da wuta duk tsatsa kan cinye su kafin lokacinsu. Ruwan waɗansu rijiyoyin yana da zartsi. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, ruwan sama kan kwanta a kan hanyoyin cikin ƙauye, sauro kuma ya yi yawa. Shi kansa tekun ba wurin wankan yara ba ne, domin igiyarsa tana jan mutum ciki, ko gwanin iyo a Kogin Kwara ba ya raina ta.

Wannan kaɗaici daɗaɗɗe ne. A shekarar 1962, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ƙauyen Lekki da ke gabas da Orimedu aka kai Cif Obafemi Awolowo aka tsare shi, domin a wancan zamani wurin yana da wuyar zuwa ƙwarai. Abin da jiya hukunci ne, shi ne yau ake tallarsa da sunan kwanciyar hankali.

To, shi Epe fa? Gari ne babba da ke zaune a kan tudu a arewacin tafki, kuma yana ɗaya daga cikin manyan sassa biyar na Jihar Legas, tare da Ikeja da Badagry da Ikorodu da Ikko. Asalinsa garin Ijebu ne na masunta. A shekarar 1851, da jiragen yaƙin Turawan Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, Sarki Kosoko ya gudo nan tare da mutanensa, da yawansu Musulmi. Shi ya koma Ikko a 1862, amma waɗansu daga cikin jama'arsa suka yi zamansu. Wannan ya sa har yau garin yake da sarakuna biyu, Oloja na Ijebu-Epe da Olu na Eko-Epe, kuma kowace shekara a watan Muharram ake bikin Kayo-Kayo don tunawa da isowar Kosoko.

Tun a wancan lokaci ƙauyen da garin suke ɗaure da igiya ɗaya. A yarjejeniyar da Kosoko ya yi da wakilin Ingila, Benjamin Campbell, a 1854, an bar masa tashoshin Palma da Lekki ya yi ciniki da su, Palma ɗin nan kuwa ita ce Orimedu. Ke nan sarki yana zaune a Epe, dukiyarsa tana shigowa ta bakin teku. Ma'aikacin yau da ke kwana a Epe yana sammako zuwa matata, sawun Kosoko yake bi ko da bai sani ba.

Baƙo Musulmi ba zai ji kewar kiran salla a Epe ba, domin masallatai da makarantun Islamiyya sun cika unguwanni. Akwai babban asibitin gwamnati, da makarantun sakandare, da reshen Jami'ar Jihar Legas. A kasuwar kifi ta Oluwo, wadda mata ke riƙe da ita, ana samun tarwaɗa da karfasa da yauni, wanda Yarbawa ke kira eja osan, suna motsi da ransu a cikin baho. Daɗin daɗawa, daga Epe hanya ta miƙe zuwa Ijebu-Ode da Ibadan, don haka mai zuwa gida Arewa ba sai ya sake kutsawa cikin Ikko ba.

Sai dai garin ma da nasa kuɗin shiga. Hayar gida tana hawa tun da idon masu dillancin filaye ya faɗa kansa. Mai aiki a bakin teku dole ya fita da asuba, ya raba hanya da tankoki da tireloli, ya dawo bayan isha a gajiye, kuɗin mota kuma yana cin albashi kullum.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai zaɓe ya sa a ma'auni kafin duk sauran. Shirun Orimedu na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Titin da ya ratsa ƙauyukan nan shi ne manyan motoci ke bi zuwa matata da tasha. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara babbar hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba, sashenta na farko kuma a wajen Eleko zai ƙare. Gonakin kwakwa suna komawa fegi-fegi, masunta kuma suna kukan cewa sai sun yi nisa cikin teku kafin su cika kwale-kwale. Bugu da ƙari, filaye masu yawa a wannan yanki gwamnatin jiha ta riga ta karɓe su, sai abin da ta mayar wa ƙauyuka ta buga a gazet. Wanda ya zuba gumin shekaru ya sayi fili ba tare da ya bincika wannan a ofishin filaye ba, yana iya wayar gari ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti.

Saboda haka tambayar ba ta wane wuri ya fi kyau ba ce. Tambayar ita ce, shekara nawa mutum zai yi, kuma da wa zai zauna. Saurayi ko gwauro da ya zo aikin wa'adi, ya kama hayar ɗaki a Orimedu, ya tara kuɗin motarsa, ya more iskar teku tun tana nan. Magidanci mai mata da yara 'yan makaranta, wanda wata rana naƙuda za ta tashe shi da tsakar dare, ya haye gada ya nemi gida a Epe, ya jure sammako. Garin da ya karɓi Kosoko da jama'arsa a 1851 ya saba da baƙi, kuma ba a jin zai canza kamanni a cikin shekara biyar. Ƙauyen kuwa, ba wanda zai iya yi masa wannan alkawari.