Wanne Ya Fi Kusa Da Rijiya?

Ya kai mai karatu, a lambunmu na Badaguishiri na dasa mangwaro layi-layi, tsakaninsu daidai, rijiya a tsakiya. Da rani ruwa na wuya, sai in fara ba na kusa. To, yaya za ka gane su?

Ƙirga layi nawa gabas, ka ninka lambar sau kanta. Yi haka ga arewa, ka tara. Mai ƙaramar jimla shi ne kusa, in ka yanke kai tsaye.

Biyu gabas, biyu arewa: 4 da 4, 8 ke nan. Uku gabas sak: 9. Ashe na farko ya fi kusa! Uku da huɗu kuwa 25, daidai da biyar sak.

Jera su: 1, 2, 4, 5, 8, 9, 10. Ka bi su haka, tulu ba zai karya maka wuya ba.