Piyano Ɗaya, Yara Shida

A ikilisiyarmu ta Malanville, kusa da gadar Kogin Kwara mai zuwa Gaya, piyano ɗaya gare mu, Yamaha ɗan gwanjo daga Kwatano. Mu shida muka koya a kansa, da do-re-mi da Littafin Waƙoƙi. In babu wuta, malaminmu yakan zana madannai bisa katako, mu yi ta dannawa shiru. Ko a katakon yakan kama kuskure!

Yau uku suna kiɗan biki a Yamai da Paraku. Can akwai kuɗi, ban ga laifinsu ba. Biyu suna fataucin albasa. Ni kaɗai na rage, yatsuna kuwa sun fara sanƙarewa. Ran Lahadi, cikin sujada, na ga wata yarinya tana leƙen hannuna. Da aka tashi, na je na nemo katakon.