Yadda Masu Sinima Ke Tayar Da Matattu

A cikin dukan dodannin da masu shirya fim suka ƙago domin razana 'yan kallo, babu mai araha kamar wanda Turawa ke kira zombi, watau gawar da ta tashi tana yawo tana neman naman masu rai. Ba ya bukatar ƙaho ko fiffike, ba ya magana balle a wahala wajen rubuta masa zance. Tsumma da hoda da jan ƙafa sun wadatar. To, tun da yake kowa na iya yinsa, me ya sa wani fim ɗin yakan hana mutum barci, wani kuwa a fito daga gidan sinima ana ƙyalƙyala dariya? Wanda ya bi sawun waɗanda suka yi fice zai tarar yawancin aikinsu ya tafi ne ga wurin da aka saka gawar, da kuma abin da aka hana ido gani.

Asalin kalmar daga ƙasar Haiti ne, inda zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ke da camfin cewa boka na iya tayar da mamaci ya sa shi bauta a gonar rake. A kan wannan aka gina White Zombie cikin 1932. Amma siffar da duniya ta sani yau, ta gawar da ba ta da ubangida, wadda cizonta ke mai da mai rai irinta har gari ya rushe, ta fito ne daga hannun George Romero na birnin Pittsburgh a Amurka, cikin fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968.

Romero da abokansa tallace-tallacen talabijin suke yi, kuma kuɗin da suka iya tarawa bai wuce dala dubu 114 ba. Wannan ƙarancin ne ya koya musu kusan duk dabarun da ake kwaikwayo har gobe. Ba su da halin ɗaukar hoto mai launi, sai suka yi baƙi da fari, abin da ya sa fim ɗin ya yi kama da hoton labarai, ya kuma ba su damar zuba ruwan cakulan a matsayin jini ba tare da kowa ya gane ba. Naman da matattun ke yaga kuwa, wani mahauci da ke cikin harkar ne ya kawo. Ba su da halin nuna rushewar ƙasa ɗungum, sai suka kulle mutum bakwai a gidan gona, suka ajiye musu rediyo da talabijin. Mai kallo yana jin bala'in daga bakin mai karanta labarai, zuciyarsa ta zana masa sauran, kuma lalle zanen zuciya ya fi na kowace kyamara muni.

Sa'an nan ga rigimar cikin gida. Wajen rabin fim ɗin gardama ce tsakanin Ben, wanda baƙar fata Duane Jones ya fito a matsayinsa, da wani magidanci Bature, a kan ko a ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a tsare ƙofofin sama. Matattun na waje suna jira, masu ran suna cin naman juna da baki. Da gari ya waye Ben kaɗai ya tsira, sai ayarin 'yan bindiga masu share gawarwaki suka hango shi ta taga suka harbe shi. A nan Romero ya tsai da motsin hoto, ya nuna jan gawarsa da ƙugiya cikin hotuna marasa motsi irin na jarida. A shekarar da aka kashe Martin Luther King, Amurkawa ba su bukaci mai yi musu fassara ba.

Cikin 1978 ya sake dawowa da Dawn of the Dead, wannan karon da launi, a wani katafaren rukunin kantuna da ke Monroeville. Da dare suke aiki bayan an rufe, su kwashe kayansu kafin masu sayayya su iso da safe. Mai yi wa gawarwakin kwalliya, Tom Savini, ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyatnam, saboda haka raunukan da ya ƙera ba na zato ba ne. Duk da haka hodar toka-toka da ya shafa musu ta fito shuɗi-shuɗi a majigi, jinin kuma ya yi ja fiye da kima. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne ganin matattu suna hawa matakala mai tafiya da kanta, suna leƙen kaya ta gilashi, daidai yadda suka saba yi da ransu.

Amma idan ana batun wuri, babu kamar abin da Danny Boyle ya yi a Ingila cikin 28 Days Later, wanda ya fito a 2002. Wani saurayi ya farka a asibiti bai tarar da kowa ba, ya fito ya ratsa gadar Westminster a tsakiyar Landan, birnin da ba ya rabo da cunkoso, babu mota, babu mutum, sai takardu a ƙasa da bas mai bene a kife. Ba kwamfuta ce ta share titunan ba. Da asuba suke fitowa a lokacin zafi na 2001, 'yan sanda su tare motoci na 'yan mintoci kaɗan, a ɗauka, a buɗe hanya. Manyan kyamarorin sinima ba su girkuwa cikin wannan ɗan lokaci, don haka mai ɗaukar hoto Anthony Dod Mantle ya yi amfani da ƙananan kyamarori na bidiyo ƙirar Canon XL1, aka jera su da yawa a kusurwa dabam-dabam, kowace tana ɗauka lokaci guda. Hoton ya fito dishi-dishi, kai ka ce wani da ya tsira ne ya ɗauka. Mintoci suna wucewa ba a ga dodo ko ɗaya ba, kuma abin da ya fara sa 'yan kallo zabura ƙararrawar wata mota ce da saurayin ya taɓa. Sai a 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle birane, mutane suka ga irin wannan Landan ɗin da idonsu.

Boyle ya kuma sauya tafiyar. Nasa mutanen cuta ce ta haukata su, gudu suke yi, har ya ɗauko 'yan wasan guje-guje su fito a matsayinsu. Masu ra'ayin Romero suna ganin an ɓata abin, domin mai jan ƙafa yana ba mutum lokacin duban fuskarsa ya gane maƙwabcinsa ne, mai gudu kuwa firgita kawai yake bayarwa. Suna da hujja, ko da yake gudun ya dace da labarin cuta.

Masu kuɗi ma sun gwada sa'arsu. World War Z na 2013 ya ci wajen dala miliyan 190, kwamfuta ta zana dubban gawarwaki suna hawa kan juna kamar tururuwa har suka tsallake ganuwar birnin Ƙudus. Abin kallo ne, sai dai tururuwa ba ta da fuska. Masu fim ɗin da kansu sun watsar da babban yaƙin da suka riga suka ɗauka domin ƙarshe, suka maye gurbinsa da mutum uku suna sanɗa a wani ɗakin binciken magani, suna tsoron kada ƙofa ta yi ƙara. Nan ne kaɗai numfashin mai kallo ke ɗaukewa. Yeon Sang-ho na Koriya ta Kudu ya fahimci haka a Train to Busan na 2016: ya cusa bala'in cikin taragon jirgin ƙasa, ya sa matattun ba su gani a duhu, ta yadda duk ramin da jirgin ya ratsa ya zama 'yar damar tsira mai ƙayyadadden lokaci.

A nan gida, C.J. Obasi ya shirya Ojuju a Legas cikin 2014 da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Bai nemi gada ko ganuwa ba, ya zaɓi unguwar talakawa mai matsattsun lunguna, ya sa cutar ta ɓullo daga gurɓataccen ruwan da mazauna ke sha, abin da ba sai an yi wa ɗan Nijeriya bayani ba. Fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na Nijeriya a bikin AFRIFF na wannan shekara, jarumin labarin kuwa Obasi ya raɗa masa suna Romero.