Furen da Ya Fi Kyau a Gonar Dawa

A ƙarshen watan Agusta, bayan ruwan dare ya ɗauke, ta fita bayan garin Hunkuyi da wayarta a hannu. Ma'aikaciya ce a Zariya, ta zo hutu gidan kakanninta, kuma niyyarta ba ta wuce ta ɗauki hotunan tsirran damina kafin rana ta yi ƙarfi ba. Ta san hasken safiya ya fi dacewa da wannan aiki, domin na tsakar rana yana wanke launin fure, ya bar shi fari fat a hoto.

Hanyar ta yi mata karamci. Tafasa ta buɗe furanninta rawaya a bakin burtali, duman kada ya malale gefen kududdufi, bado kuma yana kwance a kan ruwa. Furen kuɓewa ne ya ba ta wahala: sai da ta durƙusa, ta jira iska ta lafa, ta taɓa fuskar wayar a daidai jan tsakiyarsa, sannan hoton ya fito sosai. Rabin sunayen nan daga bakin kakarta ta san su. Sauran kuwa manhajar gane tsirrai ta tambaya, ita kuma ta yi ta amsawa da Latin, harshen da babu mai miya da shi a Kudan.

A wata gonar dawa ta ga wanda ya fi su duka. Gajere ne, bai kai gwiwa ba, furanninsa jere a kan siririn kara, launinsu tsakanin ruwan hoda da shunayya, sun cika kunya bayan kunya. Ta ɗauki hoto ya fi goma kafin ta lura da dattijon da ke kallonta.

"Ƴar nan, me kike ɗauka?"

"Wannan furen, Baba. Ban ga mai kyansa ba tun safe."

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya nuna mata dawar da ke bayan furen, wadda ita ta ɓoye da gangan don kada ta ɓata hoton. Ta tsumbure, ganyenta ya yi ja kamar an babbaka.

Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma Striga hermonthica. Ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubban dubbai, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa. A 1966 aka fara ware irin wannan sinadari, daga saiwar auduga. Da zarar ya tsira sai ya maƙale wa saiwar, ya yi makonni yana tsotse ruwa da abinci a ƙarƙashin ƙasa. Ranar da furen ya bayyana, mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku. Ya fi samun sarari a gonar da ta gaji, wadda aka daɗe ana maimaita mata hatsi ba taki, kuma irin wannan gona ba ta da wuyar samu daga Makarfi har Ikara, in aka bar fadamun rake da tumatir.

Ba a rasa dabara ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ba ta da nisa da nan, ta fitar da irin masara masu jure masa. Waken suya da auduga kuma suna yaudararsa: yana tsira don ya ji sinadarin, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Amma tsohuwar hanya tana nan, wato a tuge shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gonar. Wannan aiki dattijon ya zo yi, shi kaɗai, domin ƴaƴansa suna Kaduna.

Babu ƙarya a hotonta, kuma a nan matsalar take. Kyamara tana ɗaukar abin da aka nuna mata, ta yi shiru a kan abin da aka ture gefe. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, da ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafinsa na 1916, daga bakin mutanen ƙasar ya ji su, kuma sunan wuta-wuta ya faɗi abin da furen bai faɗa ba.

Ta ja da baya taku uku, ta sake ɗauka, wannan karon da dawar a ciki. Hoton bai kai na farko kyau ba. Ta rubuta sunan tsiron da kwanan wata a ƙarƙashinsa, ta sa wayar a jaka, ta tambaye shi ta wace kunya za ta fara.

"Ki kama daga gindi," in ji shi. "Kada ki girgiza shi."