Bagadaji, Unguwar Mai Hoto A Birnin Bamako

Al'ada ce ga masu sana'ar ɗaukar hoto, in shekara ta zo ƙarshe, mutum ya baje abin da ya ɗauka cikin wata goma sha biyu, ya tsame goma ko ashirin waɗanda suka fi kwanta masa a rai, ya ce ga amfanin gonarsa na bana. Aiki ne mai wuya, gama tamkar a ce wa uba ya nuna ɗan da ya fi so ne a gaban sauran. To, akwai wata unguwa a Bamako, babban birnin ƙasar Mali, inda wannan zaɓe ya bi wata hanya dabam, har ya ɗauki shekara talatin kafin ya kammala.

Shi dai Bamako yana zaune ne a bakin kogin Kwara, wanda Bambarawa ke kira Joliba, watau ruwan nan da ke gangarowa ya ratsa Yamai, ya wuce Yawuri da Jabba kafin ya sadu da Binuwai a Lakwaja. Duwatsu sun tokare birnin daga arewa, fadar shugaban ƙasa tana bisa dutsen Kuluba tana hangen gari. A gindin duwatsun nan ne tsofaffin unguwanni suke, da jar ƙasa da ƙura da ƙarar babura, kuma Bagadaji tana cikinsu, ba nisa da babban masallacin Juma'a da babbar kasuwa. Baƙon da ya ratsa ta ba zai ga wani abin mamaki ba. Amma a nan ne, cikin shekarar 1962, wani Bafilatanin ƙauyen Soloba mai suna Malik Sidibe ya buɗe ɗan shagonsa na hoto.

Malik ya yi kiwo yana yaro, ido ɗaya kuma gare shi mai gani tun ƙuruciya. Zane ne ya kai shi makarantar koyon sana'a a Bamako, daga nan a 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto ya ɗauke shi aiki. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 22 ga Satumba, 1960, a ƙarƙashin Modibo Keita, sai samarin birni suka kafa ƙungiyoyi unguwa unguwa, kowace da sunanta, suna tara faifan garmaho na Amurka da na Kuba suna kwana rawa. Gwamnati ba ta so, iyaye ma ba su so, amma ba a fasa ba. In an shirya biki sai a aika wa Malik. Yakan hau keke da kyamararsa da fitilarta, ya zaga wurare da dama a dare guda, kafin gari ya waye kuma yana ɗakin duhu yana wanki.

Ga inda zaɓen yake. In ya wanke, sai ya fitar da hotunan ƙanana ƙanana, ya manna su a jere cikin bangon kwali, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta sunan ƙungiya da ranar biki a bisa bangon. 'Yan biki su zo ƙofar shago su yi cincirindo, kowa ya nemi fuskarsa, ya faɗi lambar da yake so a wanke masa, ya biya. Ashe a Bagadaji ba mai kyamara ke cewa wannan ya fi wancan ba. Saurayi kuwa abin da ya dame shi shi ne ko agogonsa ya fito, ko wandon ya zauna daidai, ko yarinyar da ke kusa da shi ita ce wadda yake so a gani. Wanda ba a zaɓa ba, ba ya samun ko sisi.

Abin da ya raba Malik da dubban 'yan uwansa masu wannan sana'a shi ne bai zubar da wanda aka ƙi ba. Ya adana negetif ɗinsa cikin ƙananan akwatuna, kowane da shekararsa a rubuce, ya jera su a kanta har sama. Da hoto mai kala ya shigo a ƙarshen shekarun 1970, kasuwar baƙi da fari ta mutu, sai ya koma gyaran kyamarori, shagon ya cika da tsofaffin kyamarori, akwatunan nan kuma suna nan suna shan ƙura da zafin bazara. A garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma irin wannan kaya ne ake sharewa a zubar ranar da aka tashi shago, ko gara ta gama da shi.

Zaɓe na biyu daga waje ya zo, kuma ta hanya mai ban mamaki. A 1991 an nuna waɗansu tsofaffin hotunan Bamako a birnin Niyok na Amurka ba tare da sunan wanda ya ɗauka ba. Wani Bafaranshe mai suna Andire Manya ya biyo sawunsu har Bamako, aka kai shi Bagadaji wurin mai gyaran kyamara. Malik na duba su ya ce aikin Saidu Keita ne, dattijon da ya riga shi suna a sana'ar. Da baƙon ya sami wanda yake nema, sai ya waiwayo kan akwatunan Malik ɗin. A 1994 aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako, a 1995 kuma aka baje aikin Malik a Faris.

Mutanen waje ba ruwansu da agogo ko wando. Wanda suka fi so shi ne wani na 1963 da aka sa wa suna Daren Kirsimeti: saurayi cikin kwat fara da budurwa ba takalmi, sun sunkuyar da kai goshi ya kusa taɓa goshi, kowa na duban ƙafafunsa. Mai gani zai rantse masoya ne, alhali wa ne yake koya wa ƙanwarsa rawa. Haka kuma hotunan ranar Lahadi a bakin kogi wajen Sotuba, inda matasa kan je iyo da shan iska. Gaskiya idon baƙi ya iya zaɓe, sai dai ya fi karkata ga rawa da nishaɗi. Talakawan da suka riƙa zuwa shago su tsaya gaban labule mai ratsi ratsi, wani da sabon babur, wani da rediyo, wani ma da tunkiyarsa, su ne suka fi nuna abin da mutumin Bamako yake alfahari da shi a zamanin.

A 2003 aka ba shi lambar Hasselblad ta ƙasar Suwidin, a 2007 kuma birnin Venis na Italiya ya ba shi Zakin Zinariya, shi ne mai hoto na farko da ya samu. Duk da haka bai bar Bagadaji ba, masu ziyara kan tarar da shi zaune a ƙofar shago cikin babbar riga ana gaisawa da masu wucewa. Ya rasu a Bamako ran 14 ga Afrilu, 2016, yana da shekara kamar tamanin, aka kai shi Soloba aka binne. Allah ya jiƙansa. A cikin shekarar nan mujallar Time ta Amurka ta sa hoton wan nan da ƙanwarsa cikin hotuna 100 da ta ce sun fi tasiri a duniya.