Ranar da na share gurabun dara

A Lambara, idan gero ya shiga rumbu iska ta fara kaɗawa, akwai wata inuwar dalbejiya da ba ta rabuwa da mutane tun daga azahar har rana ta yi sanyi. Dara ake yi. Gurbi talatin ne a ƙasa, biyar-biyar sahu shida. Wannan ya riƙe tsinken kara goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu, a dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Mutum biyu ke wasan, amma bakin mutum goma ne a ciki. A gindin bishiyar nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa.

Na dawo hutu daga Sakkwato kaina cike da wani wasa da na gani a YouTube, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum guda ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ƙwaya mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Abin ya shiga raina sosai. Na ce a zuciyata, tunda ya mamaye duniya, lallai dokokinsa ne suka fi na kowane wasa tsari.

Sai na zauna na yi namu. Na cire dodanni da tsafe-tsafen da ke cikinsa, na mayar da labarin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro: ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, ga maharbi mai tsaron ayari. Na cika littafi mai shafi arba'in da dokoki, har da yawan goron da jaki zai iya ɗauka da fiton da za a biya a bakin kogi. Ƙwaya mai fuska ashirin ba ta samuwa, na ari ta ludo.

Ran nan mutane sun tashi sallar la'asar, na riga su dawowa. Ina neman wuri mai laushi da zan shimfiɗa kwalin da na zana taswira a kai, sai na sa ƙafa na share gurabun. Na san ba a gama wasan ba, don tsinkayen suna tsaye a cikin rairayi. Da suka dawo na ce musu wannan wasan tsofaffi ne, na kawo wanda ake yi da ƙwaƙwalwa.

Kawuna, wanda shi ne mai karan, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce, "Ɗana, wanga wasa da kak kawo, sai mutum ya yi karatu kahin shi zamna?" Wani dattijo ya hango ƙwayar ludo a hannuna ya ja tabarmarsa baya, don malamai da yawa ba sa son wasan da ake jefa ƙwaya, abin da na sani sarai amma ban tsaya na auna ba. Na fara karanta dokoki. Kafin in kai shafi na uku inuwar ta watse, saura ni da yara biyu. Washegari ba wanda ya zo. Sun koma bayan wani shago inda rana ke dukan rabin wurin, suka haƙa sababbin gurabu.

Daga baya ne na koma na duba tarihin wasan da nake kwaikwayo, na ga ban fahimce shi ba tun farko. Akwai ɗaruruwan irinsa, kamar Call of Cthulhu na 1981 da Pathfinder na 2009, kuma masu yin su da yawa sun rantse sun fi shi tsari. Amma shi ya riga kowa shiga kasuwa, sunansa ya zama sunan abin gaba ɗaya, kamar yadda mace za ta aiki yaro sayen Omo ko Maggi ba tare da ta damu da wane kamfani ya yi ba. Wanda ke neman abokan wasa, shi zai tarar ana yi. Sabon shiga ba ya buɗe littattafan dokokinsa masu kauri. Gefen wani yake zama, a ce masa jefa, ya jefa, a hankali ya gane. Bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014 ya sauƙaƙa dokokin, sannan daga 2015 shirin Critical Role ya sa jama'a suna kallon wasu suna yi na sa'o'i, suna koyo ba su sani ba.

To, wannan ai ita ce inuwar dalbejiyarmu. Ba wanda ya taɓa koya mini dara. A tsaye na koye ta bayan kawu, ina jin ana cewa "toshe nan", ana dariyar wanda aka kafa wa tarko. Ba a sayen komai, ba a jiran sa'a, manomi da direba da mai unguwa duk a ƙasa suke tsugunawa. Wanda ba ya wasa ma yana da rabonsa na gardama da labarin farashin albasa. Ni na kwafo littafin, na bar mutanen, kuma mutanen da nake da su a hannu na kore su da ƙafata.

Kwana huɗu na yi kafin na iya zuwa gidan kawu. Na durƙusa a zaure na ce na yi rashin kunya, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma ba shi kaɗai na ɓata wa ba. Da azahar na je gindin dalbejiyar na yayyafa ruwa, na haƙa gurabun da yatsuna, talatin cif, na fere kara goma sha biyu na ajiye a gefe. Sai bayan la'asar mutum uku suka zo. Kawu ya zauna, ya gyara gurbi biyu da suka karkace, ya tura mini tsakuwar ya ce in fara dasawa.